Idan famfon sodiyam ne ke hana jan ƙwayar jini fashewa, me ya sa jinin da ke firji ba ya fashewa?

Ɗalibar_Lab:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai abin da ya shige mini duhu tun makon jiya, kuma littafin da ke hannuna bai ba ni amsar da ta gamsar da ni ba. An koya mana cewa jan ƙwayar jini cike take da himogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin, wanda ba ya iya ƙetare tantanin da ya lulluɓe ta, kuma saboda haka ruwa kullum neman shiga cikinta yake yi. An ce abin da ke hana ta kumbura har ta fashe shi ne famfon sodiyam da fotasiyam da ke jikin tantanin, wanda ke fitar da sodiyam ba dare ba rana. An kuma koya mana cewa sanyi yana tsayar da wannan famfo kusan baki ɗaya. To ga shi ana ajiye ledar jini a firji a sanyin digiri 2 zuwa 6 har kwana 35 ko 42, gwargwadon ruwan da aka haɗa jinin da shi, kuma mafi yawan ƙwayoyin suna nan ba su fashe ba. Idan famfon ne mai tsaron girman ƙwayar, yaya aka yi ta yi mako shida ba tare da shi ba? Ko dai an yi masa yabon da ya wuce aikinsa ne?

Malam_Fisiyoloji:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Abin da aka koya muku ba kuskure ba ne, sai dai rabin zancen ne. Tun a shekarar 1960 Tosteson da Hoffman suka yi bayanin wannan al'amari da jajayen ƙwayoyin tumaki, inda suka nuna cewa girman ƙwayar yana tsayawa ne a kan abu biyu, wato aikin famfo da kuma yawan yoyon tantanin. Ki ɗauki misalin kwale-kwale da mai kwarfe ruwa a cikinsa. Idan kafar da ruwa ke shiga ƙarama ce ƙwarai, mai kwarfar zai iya ajiye ƙoƙonsa ya huta na wani lokaci mai tsawo ba tare da jirgin ya nutse ba. Tantanin jan ƙwayar ɗan Adam yana daga cikin mafi tsaurin tantani wajen barin sodiyam da fotasiyam su wuce, shi ya sa famfuna 'yan ɗaruruwa kaɗai suka ishe kowace ƙwaya, alhali furotin ɗin da ake kira Band 3, mai musanya kulorayid da bayikabonet, yana kai kimanin miliyan ɗaya a ƙwaya guda.

Abu na biyu, wanda shi ne ya fi kusa da tambayarki, yoyon ba ta fuska ɗaya yake ba. A cikin ƙwayar fotasiyam ya kai kimanin milimol 140 a lita, a ruwan jini kuwa 4 zuwa 5 ne, sodiyam kuma akasin haka, kimanin 140 a waje, 10 a ciki. Idan famfon ya tsaya, sodiyam yana silalowa ciki, fotasiyam kuma yana silalewa waje, kuma yawansu ya kusa zuwa ɗaya. Shi ruwa bai damu da sunan gishirin ba, jimillar abin da ke narke a ciki yake bi. Muddin abin da ya shiga ya yi daidai da abin da ya fita, girman ƙwayar ba zai sauya sosai ba, ko da yake cikinta yana sauyawa kowace rana.

MaiAuneJini:
Abin da Malam ya faɗa muna ganinsa da idonmu a wurin aiki. Ƙwayoyin ba su fashe ba, amma ruwan da ke cikin ledar jinin da ta daɗe yana cika da fotasiyam, kuma idan an haska jinin da rediyeshon kafin a ƙara wa majinyaci shi, zubar fotasiyam ɗin tana ƙara sauri. Wannan ne ya sa ake kaffa-kaffa da tsohon jini idan jariri ne za a yi wa ƙari mai yawa.

Na taɓa ɗanɗana kuɗata a kan wannan batu a farkon aikina. An kawo samfurin jini da daddare, aka saka shi a firji yadda yake ba tare da an juya shi an raba ruwan da ƙwayoyin ba, da safe na auna na samu fotasiyam ya yi tashin da ya ɗaga hankalin likita. Da aka sake ɗibar sabon jini aka auna nan take, sai ga shi lafiya lau. Tun daga ranar ban sake yarda da sakamakon fotasiyam daga jinin da ya kwana a sanyi tare da ƙwayoyinsa ba.

Sarkin_Shakka:
Ni dai ban ga yadda famfon zai rage kumburi ba tun farko, tunda musanya yake yi. Yana fitar da sodiyam 2 yana shigo da fotasiyam 3, wato ma ƙara wa ƙwayar kaya yake yi. Ina ganin ƙashin furotin da ke ƙarƙashin tantanin ne ke riƙe ƙwayar, ba wani famfo ba.

Dakta_Jini:
Ɗan'uwa Sarkin_Shakka, ka juya alƙaluman. Famfon yana fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 a kan kowane ATP guda da ya ƙona, wato makamashin ƙwayar. Jens Skou ɗan ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957 a jijiyoyin ƙaguwa, kuma ya samu kyautar Nobel a kansa a 1997. Amma babban amfaninsa ba a wannan rarar ta ɗaya yake ba. Amfaninsa shi ne yana mayar da sodiyam tamkar abin da ba ya shiga ƙwayar kwata-kwata, sai sodiyam ɗin da ke waje ya zama kishiyar himogulobin da ke ciki wajen jan ruwa.

Batun ƙashin furotin kuwa, sifektirin da 'yan'uwansa, furotin ɗin da suka haɗa wannan ƙashi, su ne ke ba ƙwayar siffarta da juriyarta, amma ba su da ƙarfin da za su tare ruwa. Tantanin ba ya miƙewa fiye da kashi 3 zuwa 4 cikin 100 kafin ya yage. Abin da ke ba ƙwayar sarari shi ne rarar fata, domin girmanta kimanin femtolita 90 ne, faɗin fatarta kuma kimanin maikuromita 140 murabba'i, alhali ƙwallo mai wannan girma bai buƙaci ko 100 ba. Saboda haka tana iya shan ruwa ta tashi daga siffar faifai mai lotsattsen tsakiya ta koma ƙwallo, kuma sai ta zama cikakken ƙwallo sannan take fashewa. Wanda ya taɓa yin gwajin zuba jini a ruwan gishiri mai raguwar ƙarfi ya san cewa a kashi 0.9 cikin 100 babu abin da ke faruwa, fashewa tana farawa a wajajen 0.45 zuwa 0.5, tana kammala a wajajen 0.3.

Sarkin_Shakka:
Na karɓi gyaran alƙaluman, Dakta, na gode. Sai dai har yanzu ban ji inda ruwan kansa yake bi ba. Shi ma famfo ne ke tura shi?

Malam_Fisiyoloji:
Babu famfon ruwa. Akwai kafar ruwa da ake kira akwaforin, wadda Peter Agre da abokan aikinsa suka tabbatar da aikinta a 1992 ta hanyar sanya furotin ɗin a ƙwan kwaɗo, ƙwan ya kumbura ya fashe da aka saka shi a ruwa mai ƙarancin gishiri. A jan ƙwayar jini aka fara samo wannan furotin, kuma a kansa Agre ya samu kyautar Nobel a 2003. Amma a lura, kafar ruwa ba ta yanke hukuncin girman ƙwaya, sauri kawai take bayarwa, yadda ruwan ciki da na waje ke daidaita cikin ƙasa da daƙiƙa guda. An samu mutane ƙalilan da ba su da wannan akwaforin ko kaɗan, kuma suna rayuwarsu, abin da aka fi gani a tare da su shi ne ƙodarsu ba ta iya tattara fitsari sosai idan sun rasa ruwa. Saurin yana da amfani ne lokacin da ƙwayar ke ratsa can cikin ƙoda, inda kaurin gishiri da yuriya ke iya ninka na sauran jiki sau huɗu, kuma a nan ne furotin mai safarar yuriya, wanda shi ne ke ɗauke da rukunin jini na Kidd, yake hana ta tsukewa a shiga da kumbura a fita.

Likitan_Dabbobi:
Ku ba ni dama in shigo da marasa lafiyata, domin suna goyon bayan shakkun da ɗalibarmu ta kawo. Jajayen ƙwayoyin kare da kyanwa idan sun balaga kusan ba su da famfon sodiyam da fotasiyam, cikinsu cike yake da sodiyam, fotasiyam kuwa kaɗan ne, kuma ba su fashe ba. Kare yana fitar da rarar sodiyam ne ta hanyar musanya shi da kalsiyam, sannan famfon kalsiyam ya fitar da kalsiyam ɗin. Wato aikin dai ana yinsa, ma'aikacin ne daban. Har a cikin karnukan akwai wasu daga jinsin Akita da Shiba na Japan da ke riƙe da famfon, ƙwayoyinsu na da fotasiyam mai yawa, kuma jininsu kan ba da irin sakamakon ƙaryar da MaiAuneJini ya ba mu labari idan ƙwayoyin suka fashe a kwalba. Tumakin da Malam ya ambata ma kashi biyu ne ta gado, masu yawan fotasiyam da masu ƙarancinsa, kuma kowane kashi yoyonsa ya yi daidai da ƙarfin famfonsa. Raƙumi kuwa nasa ƙwayoyin masu siffar ƙwai ne, kuma suna jure ruwa mai ƙarancin gishiri fiye da na mutum nesa ba kusa ba, abin da ya dace da dabbar da ke shan ruwa mai yawa a tashi ɗaya bayan doguwar ƙishirwa.

Ɗalibar_Lab:
Na gode ƙwarai, na fara ganin haske. Amma wannan ya haifar mini da wata tambayar. Idan haka ne, shin daidai ne a ce jan ƙwayar mutum tana daidaita girmanta, ko kuwa dai an gina ta ne yadda girman ba ya saurin sauyawa? Ina ganin abu biyu ne daban.

Malam_Fisiyoloji:
A ra'ayina na biyun ya fi kusa da gaskiya. Idan kika kumbura jan ƙwayar agwagwa ko ta kifi, za ta ji kumburin ta buɗe hanyoyin fitar da gishiri ta koma kusa da girmanta, idan kika tsuke ta kuma ta jawo gishiri. Wannan shi ne daidaitawa ta gaskiya. Balagaggiyar ƙwayar mutum kuwa idan kika kumbura ta, kusan haka za ta zauna. Tana da wannan baiwa tana ƙarama, lokacin da ta fito daga ɓargo, ta hanyar furotin mai fitar da fotasiyam da kulorayid tare, amma aikinsa yana dusashewa yayin da take balaga. Ba ta da cibiya, wato nukiliyas, ba ta ƙera sabon furotin, da abin da ta fito da shi za ta yi kwana 120 ɗinta, kuma duk ƙarfinta daga ƙona gulukos ba tare da oksijin ba yake zuwa. Mai irin wannan ƙaramin jari ba ya yin facaka.

Dakta_Jini:
Malam, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Gaskiya ne ba ta komawa girmanta kamar ta kifi, amma bayaninka yana sa mutum ya zaci tantanin a kulle yake har abada, alhali akwai ƙofofin da ke buɗewa su rufe. A 1958 Gardos ɗan ƙasar Hangari ya nuna cewa idan kalsiyam ya taru a cikin ƙwayar, fotasiyam yana kwarara waje. Kafar da ke yin haka har yau da sunansa ake kiranta, kuma idan ta buɗe kulorayid yana bin fotasiyam, ruwa yana bin su, ƙwayar ta bushe cikin mintuna. Kalsiyam ɗin da ke yawo a cikin ƙwayar ya gaza na waje fiye da sau 10,000, saboda haka ɗan kaɗan ne zai shiga ya tayar da ita. An daɗe ana tambayar ta ina kalsiyam ɗin ke shiga, sai a 2010 ɗakin binciken Ardem Patapoutian ya gano Piezo1, kafar da ke buɗewa idan aka ja ko aka matsa tantani, kuma a 2012 aka danganta sauyin gadon wannan kafa da cutar bushewar jajayen ƙwayoyi ta gado. Ƙwayar da faɗinta ya kusa maikuromita 8 tana kutsawa ta tsagar saifa da ba ta wuce maikuromita 1 zuwa 2 ba, don haka matsi ba baƙon abu ba ne a wurinta.

Ina da majinyata da ke nuna muhimmancin wannan. Masu sauyin Piezo1 ko na kafar Gardos ƙwayoyinsu a bushe suke, masu sauyin wani furotin na jikin tantanin mai suna RhAG kuwa nasu cike suke da ruwa saboda sodiyam yana shiga fiye da yadda famfo zai iya fitarwa. Su duka ba a son cire musu saifa, domin an ga daskarewar jini a jijiyoyi tana biyo baya. Kuma ga amsa kai tsaye ga tambayar farko: akwai mutanen da ƙwayoyinsu ke kumbura su fashe a firji. Wani sauyi ne a Band 3 ke mayar da shi mai yoyon sodiyam da fotasiyam, yoyon kuma yana tsananta a sanyi, daidai lokacin da famfon ya tsaya. Wato da yoyon kowa haka yake, da ajiyar jini ta mako shida ba ta yiwu ba.

UwarBiyu:
Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma ɗana yana da sikila kuma kullum ana ce mana ya yawaita shan ruwa. Da na karanta maganar bushewar ƙwaya sai na ce in tambaya, shin ruwan da yake sha yana shiga ƙwayoyin ya gyara bushewar da Dakta ke magana a kai?

Dakta_Jini:
Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki ci gaba da ba shi ruwa kamar yadda likitansa ya ce, domin ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata, yana saurin rasa shi ta fitsari, kuma rashin ruwa a jiki yana iya tayar da ciwon. Sai dai bushewar da muke magana a kai iri ce daban. Ƙwayar ta yi asarar fotasiyam ne, ruwan ya bi shi, kuma ba zai koma ya zauna ba tunda gishirin da zai riƙe shi ya tafi. A sikila hanyoyi uku ne ke haɗuwa: lanƙwashewar ƙwayar idan oksijin ya ragu tana buɗe yoyon da kalsiyam ke shiga, kalsiyam ɗin ya buɗe kafar Gardos, sannan furotin mai fitar da fotasiyam da kulorayid da Malam ya ce yana dusashewa, a sikila ba ya yin shiru. Illar ita ce himogulobin ɗin sikila yana saurin dunƙulewa idan ya yi kauri, kuma binciken Hofrichter da Ross da Eaton na 1974 ya nuna cewa ɗan ƙarin kauri kaɗan yana gajarta lokacin da yake ɗauka kafin ya fara dunƙulewa ninkin ba ninkin. A 1980 an gwada rage sodiyam ɗin jinin majinyata da gangan domin ƙwayoyin su sha ruwa, amma hanyar tana da haɗari kuma ba ta zama magani ba. Don haka kada a wuce ƙa'idar da likita ya bayar da tunanin cewa yawan ruwan zai ƙara amfani.

Sarkin_Shakka:
To idan kafar Gardos ce mai laifi, me ya hana a toshe ta a huta?

Dakta_Jini:
An toshe ta. Maganin senikapok ya kai babban mataki na uku na gwaji a masu sikila, ya rage busassun ƙwayoyi, ya rage fashewar jini, ya ɗaga himogulobin, amma bai rage yawan tashin ciwo ba, sai aka dakatar da gwajin. Wannan sakamako har yau ana muhawara a kansa, kuma shi ya sa ba na cewa bushewar ƙwaya ita ce dukan labarin sikila.

Mai_Nazarin_Sauro:
Tunda ana maganar yoyo, bai kamata a bar ƙwayar cutar maleriya a baya ba, domin ita da kanta take huda tantanin. Sa'o'i bayan ta shiga jan ƙwaya takan buɗe sababbin hanyoyi don shigo da abincinta, kuma ta nan sodiyam ke cika ƙwayar, fotasiyam ya fice. Muna amfani da wannan a ɗakin gwaji tun daga aikin Lambros da Vanderberg na 1979: idan aka zuba ruwan sobitol, wani dangin sukari, na kashi 5 cikin 100, ƙwayoyin da cutar ta girma a cikinsu suna sha su fashe, masu ƙananan cuta da lafiyayyu su tsira. Abin da ya dace da tambayar ɗalibarmu shi ne me ya hana ƙwayar da ke yoyo haka fashewa kafin sa'o'i 48 da cutar ke ɗauka ta gama girma a cikinta su cika. Lew da abokan aikinsa sun kawo hujja a 2003 cewa cutar tana narkar da himogulobin fiye da abin da take buƙata don ci, tana zubar da rarar waje, domin ta rage abin da ke jan ruwa. Idan haka ne, to an rage nauyin jirgin ne maimakon a ƙara masu kwarfa. Kuma binciken gado da aka yi a Ghana aka wallafa a 2012 ya danganta wasu nau'o'in famfon kalsiyam na jan ƙwaya da kariya daga maleriya mai tsanani.

MaiAuneJini:
Bari in dawo da mu kan ledar jini, domin kada ɗalibarmu ta tafi da tunanin cewa ƙwayoyin suna fita daga firji kamar yadda suka shiga. ATP ɗinsu yana raguwa, suna yin ƙaya-ƙaya, suna zubar da gutsattsarin tantani, wato rarar fatar da Dakta ya lissafa tana ƙarewa a hankali. Ruwan ajiyar ma yana taimakawa, domin ana sanya manitol, wani dangin sukari, a yawancinsu, shi kuma ba ya shiga ƙwayar, yana tsayawa a waje ya rage fashewa. Duk da haka wasu suna fashewa, shi ya sa aka sa iyakar yawan waɗanda aka yarda su fashe, kashi 0.8 cikin 100 a Turai, kashi 1 a Amurka, kuma ƙa'idar ita ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin su kasance suna yawo a jiki sa'o'i 24 bayan ƙari. Waɗanda suka tsira famfonsu yana farkawa da ɗumin jiki, ya shiga mayar da fotasiyam ɗin da aka rasa.

Malam_Fisiyoloji:
Dakta, na yarda da ƙofofin da ka lissafa, amma ka lura kusan dukansu hanyoyin asarar ruwa ne, babu wadda ke auna girman ƙwayar ta mayar da ita inda take. Ko kumburin da ke faruwa a kowane zagayen jini, lokacin da kabon dayoksayid ya shiga ya zama bayikabonet, Band 3 ya musanya shi da kulorayid, ƙwayar jinin da ke komowa zuciya ta ɗan fi ta mai fita girma, ba wani ma'auni ne ke gyara shi ba, huhu ne ke juya lissafin. Shi ya sa har yanzu nake kiran abin dorewa, ba daidaitawa ba.

Dakta_Jini:
Idan Piezo1 yana jin miƙewar tantani, ya shigo da kalsiyam, Gardos ta rage ruwa, Malam, wannan ai ma'auni ne da martani. Ɓerayen da aka cire wa Piezo1 a jajayen ƙwayoyinsu an same su da ƙwayoyi masu rarar ruwa da saurin fashewa. Mene ne sunan wannan idan ba daidaitawa ba?

Ɗalibar_Lab:
Ina so in gwada abin da hannuna idan an ba ni izini a ɗakin gwajinmu. Zan raba jini kashi uku, ɗaya a firji, ɗaya a ɗumin jiki na digiri 37, ɗaya kuma a digiri 37 tare da wabayin, maganin da ke toshe famfon, sannan in riƙa auna fotasiyam ɗin ruwan da girman ƙwayoyin. Shin kashi na uku zai yi kama da na firji?

Malam_Fisiyoloji:
Zai yi kama da shi ta fuskar inda gishirin ke tafiya, amma zai fi shi sauri, domin ɗumi yana ƙara yoyon. Ki kula da abu biyu, in ba haka ba sakamakon zai ruɗe ki. A digiri 37 ƙwayoyin za su cinye gulukos ɗin cikin sa'o'i, ruwan ya yi tsami, kuma tsamin kaɗai yana kumbura su ta hanyar Band 3 ba tare da famfon ya shiga zancen ba. Idan ATP ya ƙare kuma famfon kalsiyam zai tsaya, kafar Gardos da Dakta ke karewa ta buɗe, ki ga ƙwayoyin suna tsukewa a inda kike jiran kumburi. Saboda haka ki wanke su, ki sa su a ruwan gishiri mai gulukos da abin riƙe tsami, kuma kada ki ɗebi jinin a kwalba mai EDTA, maganin hana jini daskarewa, domin gishirin fotasiyam ne a cikinta. Na'urar ƙirga ƙwayoyi ma tana tsoma su a nata ruwan kafin ta auna, don haka ki haɗa da juya jinin a siririn bututu ki karanta tsayin ƙwayoyin da idonki.